Kundin aikin gyaran hotunan ƙananan tsuntsayen daji

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An gama tattara hotuna. Daga wurare uku suka fito: duwatsun da ke kewaye da dajin Amurum a gefen Jos, fadamar Haɗejiya da Nguru, sai lambuna da gonakin gero na bayan Kano. Yawancinsu an ɗauke su tsakanin Agusta da Disamba, wato daga tsakiyar damina zuwa shigowar hunturu. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne kati 40 masu girman A6, tsuntsu ɗaya a kowane kati, don ɗaliban da ke koyon gane tsuntsaye. Duk hoton da ya tsallake tantancewa kuma za a fitar masa da kwafi na biyu, na shaida, wanda za a iya ɗorawa a eBird ko iNaturalist, shafukan intanet da ake tara shaidar ganin tsuntsaye.

Ka'idar aikin ɗaya ce. Duk abin da mai kallo ke riƙewa ya gane jinsin tsuntsu, launin baki ne, zoben ido ne, ɗigon gefen ƙirji ne, launin ƙafa ne, ba a ƙara masa ba a rage masa. Yaron da ya haddace kati zai fita daji yana neman abin da ya gani a katin. Idan jan da aka nuna masa ya wuce wanda Allah ya yi wa tsuntsun, zai yi ta nema bai samu ba.

Sunan kowane fayil ya koma tsari ɗaya: kwanan wata, wuri, jinsi, lamba, kamar 20241012_Amurum_asisi_014. Hotunan da aka turo ta WhatsApp an ware su gefe. Turawa ta yau da kullum tana rage hoto zuwa kusan fiksil 1600 a gefensa mai tsawo, tana kuma goge bayanan kyamara, har da ranar ɗauka da ISO, wato lambar ƙarfin karɓar haske. An nemi masu su sake turo na asali a matsayin fayil, ko a kawo katin kyamarar a kwafa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Tantancewa. Daga 1,150 an sauko zuwa 212.

Ana buɗe hoto a girmansa na ainihi, 100%, a duba ido kafin komai. Da lensi mai 400mm a f/5.6, a kyamara mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikinta), tsuntsu na nesan mita 5, zurfin wurin da ke fitowa tsaf bai wuce santimita 3 da rabi ba. Baiwar Allah tsawonta kusan santimita 10 ne. Idan ta fuskanci kyamara, kai zai fito, wutsiya ta narke, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne kyamara ta kama reshen da ke gaba ko kafaɗar fiffike ta bar ido.

Dishi-dishin da aka gani iri uku ne, kuma ya kamata a iya rarrabe su, don ba maganinsu ɗaya ba. Idan saiti ya kuskure, za a tarar da wani wuri a hoton ya fito sarai, ganye ko ƙaya, amma ba tsuntsun ba. Idan motsi ne, gashin yakan ja layi zuwa gefe ɗaya, kuma kusan duk irin waɗannan an ɗauke su ne da saurin ƙyaftawa ƙasa da 1/1000. Na ukun shi ne na zafin ƙasa: babu inda ya fito a duk faɗin hoton, gefen komai yana lanƙwasa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Hotunan Nguru na tsakar rana, waɗanda aka ɗauka daga nesa ta saman busasshiyar ƙasa, yawancinsu haka suke. Na farko da na biyu idan kaɗan ne ana iya lallaɓa su. Na uku ba shi da magani, an cire su duka.

Sai lissafin girma. Katin A6 tare da rarar milimita 3 ta kowane gefe don yanka yana bukatar fiksil 1311 da 1819, a kan fiksil 300 kowane inci. Tsuntsu mai santimita 10 da aka ɗauka daga mita 8 da wannan lensi, a sensa mai fiksil 6000 a faɗi, yakan ci kusan fiksil 1340. Daga mita 15 kuwa kusan 700 kawai. An tsayar da iyaka: tsuntsun da bai kai fiksil 800 ba ya tafi layin shaida, ba zai hau kati ba. Manhajojin ƙara girma suna iya ninka faɗi da tsawo, amma gashin da sensa ba ta gani ba, zana shi suke yi.

Litinin, 13 ga Janairu

Kafin a taɓa launi sai da aka daidaita fuskar kwamfuta da na'urar awo: fari a 6500K, gama 2.2, haske kandela 110. An lura laftof tana rage hasken fuskarta da kanta da zarar ta koma kan batir. Hoto 9 da aka gwada a wannan hali duk sun fito da haske fiye da kima, saboda ido ya ga duhu hannu ya ƙara. An kashe wannan saitin, an mayar da hotunan yadda suke. Labulen taga a rufe yayin aikin launi.

Asabar, 18 ga Janairu

Daidaita fari. Nan ne aikin ya fi cin lokaci zuwa yanzu.

Hotunan Disamba duk suna ɗauke da hazon hunturu. Ƙurar tana yin abu biyu: tana rina haske zuwa ruwan ƙasa mai rawaya, tana kuma ɗaga baƙi ya koma toka, hoto ya yi kamar an wanke shi. Kyamara idan aka bar ta ta zaɓi fari da kanta takan yi ta tsalle daga hoto zuwa hoto, har asisi ɗaya a reshe ɗaya ya fito ruwan bula a wannan, tsanwa-tsanwa a na gaba. Inda mai ɗauka ya ɗauki katin toka mai kashi 18 a cikin hasken, aiki ya zo da sauƙi: a ɗora ma'aunin fari a kan katin, a kwafa lambar zuwa sauran hotunan wannan zama. Inda babu kati, ana neman abin da aka tabbata fari ne ko toka a cikin hoton. Ba a yarda da cikin tsuntsu a matsayin ma'auni, saboda dalilin da ke tafe.

Ƙasar Jos da ta gonaki da yawa ja ce, marmara. Tsuntsun da ke kiwo a ƙasa, haske na dukan ƙasar ya dawo cikinsa, farin ciki ya koma ruwan goro mai haske. Wanda ke ƙarƙashin ganyen mangwaro ko darbejiya kuma kore ne ke sauka masa. Idan aka ɗora ma'aunin fari a irin wannan ciki, manhaja za ta juya dukan hoton zuwa shuɗi don ta farantar da cikin, bayan tsuntsun ya lalace. Abin da aka yi shi ne a daidaita hoton gaba ɗaya bisa hasken da ke bayan tsuntsu da kansa, sannan a zana shamaki, wato iyakar da ke keɓe wurin da gyara zai taɓa, a ƙasan ciki kawai a rage ƙarfin launin da ya dawo daga ƙasa da kamar maki 10 zuwa 15. Wannan a kwafin kati ne kaɗai. A kwafin shaida an bar shi yadda yake, tunda wanda ya san tsuntsu ya san aikin jar ƙasa.

Ma'aunin cire hazo na Lightroom, manhajar da ake gyaran da ita, yana da daɗin ja, amma yana tafe da kaya: yana ƙara ƙarfin launi, yana duhunta sama zuwa shuɗi mai nauyi, yana tono yashin hoto, wato ɗige-ɗigen da ke kwance a inuwa. An gwada shi a 30 a kan gwara, sai bayanta ya koma jan bulo. Yanzu ba ya wuce 10. Sauran aikin ana yin sa da sauko da ma'aunin baƙi har ƙwayar ido ta zama baƙa ƙirin, sannan ɗan lanƙwasa layin haske a tsakiya.

Hazo ya bar wata shaida: ɗigon ƙura a kan sensa, wanda ke fitowa ɓaro-ɓaro a sararin sama a hotunan f/11 zuwa sama. Goge su ba ya cikin abin da ka'ida ta hana, don ba a dajin suke ba, a cikin kyamara suke.

Talata, 21 ga Janairu

Tsuntsaye biyu na Jos ne suka tsayar da aiki yau, kuma sun cancanci tsayawar.

Na farko ɗan'uwan baiwar Allah ne mai zama cikin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda Robert Payne ya bayyana wa masana a 1998 daga tsaunukan Jos. A ƙaramin hoto shi da baiwar Allah ta gida kusan abu ɗaya ne, jajayen tsuntsaye 'yan mitsi-mitsi. Bambancin yana wurare ƙanana. Ta gida bakinta ja ne mai ruwan hoda, namijin yana da zoben ido rawaya. Na duwatsu bakinsa toka ne mai shuɗi-shuɗi, saman kan namijin toka, bayansa da ja. Idan aka ɗumama hoton da 600K ko 700K don ya yi kyan gani, shuɗin bakin yakan mutu ya koma toka mai ƙasa-ƙasa, tokar kai ta soma ja, sai hoton ya rasa ainihin abin da aka ɗauke shi dominsa. An mayar da fari zuwa lambar katin toka, an bar hoton da ɗan sanyinsa.

Na biyun ya fi wuya. Baƙaƙen tsuntsayen nan masu sheƙi na dangin Vidua, waɗanda ke zuba ƙwai a sheƙar wasu, akwai jinsi fiye da ɗaya a Najeriya, kuma mazansu a lokacin aure duk baƙaƙe ne. Ana rarrabe su da inda sheƙin ya karkata, kore ko shuɗi ko shunayya, da launin ƙafa da na fiffike. Wanda ke bin baiwar Allah ta gida ƙafarsa ja ce mai ruwan goro. Na tsaunin Jos, Vidua maryae, sheƙar wancan ɗan'uwan baiwar Allah na duwatsu yake bi, kuma kukansa yake kwaikwaya. An gwada a gani: hoto ɗaya, aka matsa ma'aunin kore da shunayya maki 12 zuwa hagu, tsuntsun ya zama kore. Aka matsa 12 zuwa dama, ya zama shunayya. Wato da yatsa ɗaya ana iya sauya wa tsuntsu jinsi. Saboda haka hotunan Vidua duka an kulle farinsu a lambar da kyamara ta ɗauka da hasken rana, ba a taɓa ƙarfin launi ba, kuma ba za a rubuta sunan jinsi a kati ba sai an haɗa da kukan da aka naɗa a wurin. Masu binciken waɗannan tsuntsaye ma da kuka suke tabbatarwa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Mulufi. Hoto 14 na namiji cikin kayan damina, ja mai ruwan goro da baƙin kai da baƙin ciki, kuma 11 daga ciki jan ya ƙone.

Yadda abin ke faruwa: hoto launi uku ne a haɗe, ja da kore da shuɗi. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, ciyawa da sama da komai, ta ga lafiya lau. Amma a jikin mulufi layin ja shi kaɗai ya kai ƙarshen ma'auni, 255, alhali kore da shuɗi suna can ƙasa. Da zarar ya kai nan, duk gashin da ke wurin lamba ɗaya gare shi, babu sauran bambancin da zai nuna silin gashi. Ido sai ya ga fenti, ba gashi ba. Gargaɗin ƙonewa na bayan kyamara sau da yawa ba ya nuna wannan, sai an buɗe jadawalin haske mai launi uku.

Akwai tarko na biyu. Lightroom yana aiki a cikin fili mai faɗin launi, don haka jan yakan zauna lafiya a fuskar aiki, sai an fitar da shi zuwa sRGB, ƙaramin filin launi da intanet ke amfani da shi, ya ƙone. Dole a kunna gwajin fitarwa a zaɓi sRGB tun ana gyara, a ga inda gargaɗi ya haska.

Matakan da suka yi aiki a fayilolin RAW, wato ɗanyen hoton kyamara da ba a matse ba kamar JPEG, bi da bi: a sauya salon launi daga mai ƙayatarwa zuwa Adobe Neutral ko makamancinsa na kyamarar, wannan kaɗai ya dawo da gashi a hoto 5. A rage haske gaba ɗaya da 0.3. A rage ƙarfin ja da na ruwan goro da maki 8 zuwa 15, a sauke haskensu da kamar 5. Ma'aunin da ke karkata launi daga ja zuwa ruwan goro ba a taɓa shi sam, don mulufi ba duka ne ja wur ba, wasu sun fi kusa da goro, kuma haka aka halicce su. Baƙin ciki da na kai ana ɗaga su da shamaki, inuwa +20 zuwa +25. Da aka kai +50 baƙin ya koma ruwan ƙasa mai ɗigon shunayya.

RAW yana riƙe da mataki 4096 ko 16384 a kowane launi, JPEG 256 kawai. Hotuna 3 da suka zo a JPEG jansu ya tafi ke nan. Rage haske ya mayar da shi ja mai duhu, amma har yanzu fenti ne.

Kabare ma yana da irin wannan ciwo a ruwan ɗorawarsa, sai dai da sauƙi. Idonsa ja ne, a kula kada ɗaga inuwar baƙin kai ya wanke shi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An ɗauke wuta ana cikin aiki a kan kwamfutar tebur, kundin Lightroom ya ƙi buɗewa, sai da aka koma kwafin mako ɗaya baya. Gyaran hoto 20 ya salwanta. An kunna rubuta gyara a fayil na XMP kusa da kowane RAW, ajiyar kundi ta koma duk lokacin rufewa, kwafi a faifai biyu daban.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yashi. Ƙananan tsuntsaye ba sa zama, kuma inuwa suke so, don haka rabin hotunan da suka rage tsakanin ISO 3200 da 6400 suke. Yashin iri biyu ne: na launi, ɗigon ja da kore da ke watse a inuwa, da na haske, mai kama da tsakin gero. Na launi cire shi ba ya cin komai, lambar 25 da Lightroom ke farawa da ita takan isa. Na haske shi ne ke tafiya da gashi idan aka matsa masa, saboda silin gashin asisi da ƙwayar yashin girmansu kusan ɗaya ne a fiksil.

An gwada mai cire yashi na basirar na'ura da Adobe ta saka a 2023. A lambarsa ta farko, 50, bayan hoto ya yi sumul gwanin sha'awa. Da aka jera shi da na asali a 100%, abubuwa uku suka bayyana. Fararen ɗigon gefen ƙirjin baiwar Allah, waɗanda wasunsu fiksil 4 ko 5 ne kawai, biyu sun ɓace a hoto ɗaya, manhaja ta ɗauke su yashi ne. Sheƙin wuyan sha-kauci, wanda a zahiri ɓawo-ɓawo yake kamar na kifi, ya koma santsi kamar roba. A wutsiyar da ba ta cikin saiti kuma an ga layukan gashi sirara waɗanda babu su a na asali. Na ukun nan shi ya fi damun mu, don kyau yake ƙarawa, ba wanda zai yi ƙorafi, amma ƙirƙira ce.

Tsarin da aka tsaya a kai: lamba 25 zuwa 35 a kan hoton duka, sannan shamaki a bayan fage kawai a ƙara santsi da hannu. Tsuntsun a bar shi da ɗan yashinsa. A kan takarda mai fiksil 300 a inci ba a ganinsa, abin da ke tsorata ido a 200% a fuskar kwamfuta ne kawai. Kowane hoto sai an ƙirga ɗigonsa kafin da bayan.

Idan bayan fage ya yi santsi da yawa, koren ciyawa yakan fito hawa-hawa kamar matakala a JPEG. Maganinsa a ci gaba da aiki a TIFF mai bit 16 har ƙarshe, a yayyafa ɗan yashi kaɗan, kamar 8 zuwa 10, kafin fitarwa.

Laftof marar katin zane na daban tana ɗaukar mintoci a kan hoto ɗaya, kuma a Lightroom na farkon 2025 kowanne yana haifar da sabon fayil na DNG da ya ninka na asali girma. Ana jera su da dare. Ga wanda ba ya biyan kuɗin Adobe, darktable kyauta ce, kuma mai cire yashinta da ke bin bayanan kowace kyamara ya ba da sakamako mai kyau har ISO 3200, ba tare da zana gashi ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ƙara kaifi, bayan cire yashi, ba kafinsa ba. Ma'aunai huɗu ne a Lightroom, suna farawa a 40, 1.0, 25 da 0: yawan kaifi, faɗinsa, tono ƙananan abubuwa, da shamaki. Ga gashin ƙaramin tsuntsu faɗin 1.0 ya yi kauri, 0.6 zuwa 0.8 ya fi. Yawa 45 zuwa 60. Shamaki ana ɗaga shi ana riƙe da maɓallin Alt, hoto ya koma baƙi da fari, a ci gaba har bayan fage ya zama baƙi, tsuntsu da reshe kaɗai suka rage fari. Yawanci tsakanin 60 da 80.

Alamar an wuce gona da iri ita ce farin zare da ke bin gefen baki da ƙafa, musamman inda tsuntsu mai duhu ya jingina da sama mai haske. Tsattsewa a kan wayar lantarki ta fi kowa nuna shi. A irin hotunan nan ma ake samun gefe mai shunayya ko kore a jikin waya da rassa, laifin lensi ne, kuma a gyara shi kafin kaifi. A kula da sha-kauci: mai cire gefen shunayya idan aka buɗe masa da yawa yana cinye shunayyar gashinsa ta gaskiya, ya bar toka.

Kaifi na biyu, ɗan kaɗan, sai bayan an rage hoto zuwa girman kati. Ido ana ɗaga haskensa da 0.2, iyaka 0.3. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido idan babu shi a hoton, babu shi, ba a zana shi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Yanka da goge-goge. Ana barin fili ta inda tsuntsu ke kallo, kuma ƙafa da abin da ta riƙe su fito, don zangarniyar gero ko ƙayar bagaruwa ita ce ke gaya wa yaro girman tsuntsun da inda zai neme shi. Zalaiɗu ya ƙi shiga kati a kwance saboda wutsiyar namijin ta fi jikinsa tsawo, an juya katinsa a tsaye. Hoton da wutsiya ta fita daga gefe tun wajen ɗauka an ajiye shi, ba a ɗinka masa ta wani hoton ba.

Reshen da ke bayan fage, wanda bai taɓa tsuntsu ba, an yarda a dushe shi a kwafin kati. Wanda ya gitta jikin tsuntsu ya zauna, tunda goge shi na nufin ƙirƙiro gashin da ke ƙarƙashinsa.

Hotuna 6 na Amurum tsuntsayen suna da zobe a ƙafa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis tana wannan daji, kuma masu bincikenta suna sa wa tsuntsaye zobba don bin rayuwarsu. Zoben ba datti ba ne, shaida ce, mai yiwuwa ma hoton ya amfani wanda ya sa shi. Ba a goge ko ɗaya ba. Hotuna 2 da ke nuna sheƙa kuma an cire musu bayanan GPS kafin su fita daga kwamfuta.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwajin bugu na farko ya dawo daga maɗaba'a, kati 12 a takarda mai sheƙi. An duba su a bakin taga da hantsi, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Duk sun fi na kwamfuta duhu, abin da aka zata, tunda fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa aro take. An ɗaga tsakiyar haske da kusan 0.3 a kwafin bugu kaɗai. Jan mulufi ya sauko zuwa jan bulo, koren sha-kauci ya mutu, don tawada huɗu ba ta kai inda hasken fuska ke kaiwa. An mayar da fayilolin zuwa CMYK, tsarin tawada huɗun, a nan da bayanin launi na FOGRA39, maimakon a bar wa injin maɗaba'a ya juya yadda ya ga dama. Hanyoyin juyawa biyu aka gwada. Wadda ke yanke launukan da suka fita iyaka kawai ta riƙe ruwan ƙasar gwara da na matan tsuntsaye daidai, amma ta sake cinye gashin mulufi. Wadda ke matse dukan launuka ta rage armashi kaɗan, ta dawo da gashin. Mulufi da sha-kauci da kabare sun tafi ta biyun, sauran ta farkon.

Baƙin Vidua ya fito dunƙule, ba sheƙi ba gashi, saboda tawada ta taru ta yi yawa. An tsayar da jimillarta a 300%. Ruwan bular asisi ya ɗan karkata zuwa shunayya, an rage jar tawada da maki 4 a wurin, an sake gwadawa da hoton asali a gefe. Jan kumatun namijin bai motsa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Saboda azumi aikin launi ya koma da safe. Kati 33 sun kammala, gwaji na biyu ya yi daidai in ban da kanari, wanda rawayarsa ta ɗauki kore, za a sake duba farinsa.

Sauran 7 ko dai hoto ne babu, ko ana jiran tabbaci. Jan-baki akwai shi cikin kayan rani kawai, ana bukatar namiji da fuskarsa ta lokacin aure, da mace a lokacin da bakinta ke komawa rawaya, kuma wannan sai damina. Matar mulufi hoton da ake da shi fiksil 620 ne. Katin Vidua yana jiran a saurari kukan da aka naɗa da waya ran 12 ga Oktoba, a ga ko ya dace da lokacin da ke jikin fayilolin.

An aika wa masu ɗauka buƙatu huɗu kafin fitar damina: RAW, katin toka a farkon kowane zama da duk lokacin da haske ya sauya, rage haske da 0.7 idan tsuntsu ja ne ko rawaya a rana, da daidaita agogon kyamara da na waya. Kwafin shaida 140 an fitar da su a sRGB, cikakken girma, ba tambari ba rubutu a kai. Ɗorawa za ta fara ranar Litinin da na Nguru.